Hoton Baba da Manja

Jiya na buɗe gwangwanin fenti domin yaran ajina, warin ya mayar da ni Kafanchan. Ban tabbata shekarar ba, ina jin ƙarshen shekarun tamanin ne, ina aji huɗu na firamare. Abin da na tabbata shi ne bazara ce, mangwaro ya nuna, kuma Baba bai cika shekara da rasuwa ba.

Malamarmu ce ta jera mu biyu-biyu zuwa shagon wani dattijo a bayan kasuwa, mai buga bajen makaranta a riguna da ɗankwalin zumuntar matan coci. Ta ce mu kalli aikinsa da kyau, kowa zai je gida ya buga nasa zanen ya kawo.

Ka yi haƙuri in bayanina bai cika ba, idon yarinya ne ya gani. Dattijon ya zana kurciya da baƙin tawada a farar takarda, ya shafe takardar da man gyaɗa har haske yana ratsa ta. Ya ɗora ta a kan wani yadi mai laushi da ya ɗaure a katako kamar rariya, ya danne da gilashi, ya kai rana. Da ya dawo ya watsa wa yadin ruwa, sai ga kurciya ta fito. Yara suka yi ihu. Ya ce, "Ku matsa baya, 'yan banza, fentin nan ba miya ba ne."

Sauran yara sun sassaƙa doya da dankali, suka buga taurari. Ni fuskar Baba nake so a rigata.

Hotonsa ɗaya ne tak a duniya. Yana tsaye da hularsa ta aikin reluwe, hannu a ƙugu. Mama tana ajiye shi cikin Littafi Mai Tsarki. Ranar da ta tafi gonar citta na zaro shi. Babu man gyaɗa a gidan, sai na shafa masa manja. Na ɗaura tsohon ɗankwali a rariyar tankaɗe, na ɗora hoton, na danne da gilashin taga da ya fashe, na bar shi a rana tun hantsi har azahar.

Ba abin da ya fito a ɗankwalin. Hoton ya yi jajawur, ya lanƙwashe. Na ce bari in wanke manjan kafin Mama ta dawo. Na sa sabulu, na goga da yatsa. Fuskar ta biyo yatsana kamar ɓawon dafaffen wake. Hular ta rage, da hannun da ke ƙugu.

Na zauna a bakin ƙofa da shi a cinyata. Ban yi kuka ba, ban ma tuna na ji tsoro ba. Da Mama ta dawo ta sauke kayanta, ta karɓa, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Kin ci abinci?"

Washegari ta kama hannuna zuwa shagon. Dattijon ya juya hoton gaba da baya. Ya ce, "Mama, wannan ya tafi. Amma na san mutumin, kullum nan yake wucewa zuwa tasha. Bari in gwada." Bayan kwana uku ya ba mu zane na fensir, bai karɓi komai ba. Mama ta duba ta ce, "Kunnen dai nasa ne. Allah ya saka." Ta sa aka yi masa firam.

Yanzu ina koyar da zane, kuma ina kai ɗalibaina irin waɗannan shaguna, ko da yake yawancinsu sun koma kwamfuta. Kafin mu tafi nakan maimaita musu, wataƙila fiye da kima, cewa kada kowa ya taɓa wani abu a gida sai ya tambaya. Suna yi mini dariya. Wayoyin iyayensu cike suke da hotunan da ba wanda ke dubawa.

Mama ta rasu. Zanen yana falona. 'Ya'yana suna nuna wa baƙi suna cewa ga kakansu, wani lokaci baƙon ya ce ɗana na fari ya ɗauko hancinsa. Nakan ce haka ne. Ban sani ba ko hancin Baba ne, kuma ba sauran wanda zan tambaya.