Bencin Mai Shayin Wambai

A unguwar Wambai, a garinmu da ke dab da Abuja, akwai wani mai shayi da muke zama wurinsa tun kafin gwamnati ta tare a Abuja. Shayinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, bencinsa muke so. Dogo ne, na katako, ya yi santsi saboda zama. Ana idar da sallar asuba za mu jeru a kai, ni da maƙwabtana, mu yi ta musu kan labaran rediyo har rana ta ɗaga.

Sai ma'aikatan Abuja suka cika garin, don haya ta fi sauƙi a nan. Su a tsaye suke shan shayi, ido na kan titi ko motar ofis za ta ɓullo. Ba sallama, ba gaisuwa. Su ake fara zuba wa, mu kuwa mu jira, wai mu 'yan gida ne.

Wata safiya na iso na tarar an jere burodi da kiret-kiret na ƙwai a kan bencin, tun daga wannan kai har wancan. Na ce, "Malam, mu kuma ina za mu zauna?"

Ko ɗago kai bai yi daga kaskonsa ba. Ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, yanzu ba mai zama."

Alhali ga mu a gabansa.

Don haushi na kwankwaɗe shayin a tsaye, har na ƙona harshe, kamar mai sauri. Da na ajiye kofin sai na rasa inda zan yi saurin zuwa, a garin da aka haife ni.