Gwiwar Bashi Chomba

Kowa a unguwar mahaƙa ta Mufulira ya san Bashi Chomba, wato baban Chomba a yarensu, da ladabin da har gajiyar da mutum yake yi. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ya shiga ramin jan ƙarfe. Ya yi furfura yana fasa dutse, har ranar da dutse ya rama, ya murƙushe masa gwiwar dama.

Aka tura shi wurin likitan diyya, wanda zai yanke ko nakasar ta kai a riƙa biyansa fansho duk wata, ko a sallame shi da ɗan abin da ba zai kai Kirsimeti ba. Gogan naku yana shiga ya ga babban mutum a kujera, sai ya cije ya durƙusa yana tafa hannu, yadda uwarsa ta koya masa gaisuwa. Ya dafa tebur ya miƙe. Likita ya rubuta cewa gwiwa tana lanƙwasuwa, nakasar kaɗan ce.

Matarsa Bana Chomba, wato maman Chomba, ta yi tsalle ta dire. "Ladabi za mu tuƙa mu ci da miya? Kai dai ka cuce mu!"

Ta tayar da ƙungiyar ma'aikata tsaye sai da aka ɗaukaka ƙara. A ƙofar zauren kwamitin da zai saurari ƙarar ta riƙe masa riga. "Bashi Chomba, ko wa ka tarar a ciki, ka tsaya ƙiƙam kamar taɓarya!"

Ina! Shugabar kwamitin tsohuwa ce, kai fari fat. Kafin matarsa ta ƙifta ido ya kai ƙasa yana tafi.

"Wayyo, ya sake kashe mu!"

Amma wannan karon babu tebur a kusa. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, gumi na tsiyaya. Sai da likitoci biyu suka cicciɓe shi. Tsohuwar ta ce, "Baba, na amsa gaisuwa. Don Allah kada ka ƙara yi wa kowa." A take suka rubuta nakasa ta dindindin, fansho har ƙarshen rai.

Bana Chomba ta rangaɗa guɗa tun daga zauren har tasha, tana rungumar waɗanda ba ta ma sani ba. Murna kamar ta kashe ta!  Sai da mota ta tashi mijin ya taɓa ta.

"Bana Chomba, ranar da za mu je nema wa ɗanmu aure, wa zai durƙusa wa surukai?"