Adudun Kakanmu

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, manya da yara. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, da idona na gani, da ƙafata na taka. Ni ban yi boko ba, jikata Rukayya ce ke rubutawa, kuma ita ta tono zancen. Ta zo hutu daga Zariya, muna ɓarar gyaɗa, take ba ni labarin wata ƙasa mai nisa, Koriya, inda ta ce akwai sunan dangi guda, Kim, da jama'a masu ɗimbin yawa ke amsawa, ma'anarsa kuma zinariya. Kowane ɓangare na dangin yana riƙe da sunan garin da ya fito, har da littafin da suke jera kakanni a ciki. Wani ɓangaren, in ji ta, suna cewa kakansu na farko tsintarsa aka yi yana jariri, cikin akwatin zinariya rataye a bishiya, farin zakara na cara a ƙarƙashi, sarki ya ɗauka ya rene shi. Kuma ba sa ɓoyewa, da shi suke tinƙaho. Na ture gyaɗar gefe, na ce ta ɗauko alƙalami.

Wata Laraba ce, ranar kasuwar Makarfi, cikin bazarar shekarar da na yi famfara. Ƙauyenmu yana tsakanin Makarfi da Kudan, ƙasar rake. Da rani doki ke zagaya injin matsa, ƙamshin mazarƙwaila ya cika gari, mu yara muna kankarar abin da ya daskare a bakin tukunya. Da bazara kuwa sai aikin ɗorawa. Ran nan muna bakin rijiya ni da ƙawayena, leɓunanmu duk sun yi rawaya da garin ɗorawa, muna wanke kalwar da Inna za ta yi daddawa da ita, in hannu ya gaji mu zube a ƙasa mu yi 'yar carafke. Sai ga waɗansu tsofaffin mata biyu, baƙi, suka nemi ruwa. Ɗayar ta sha, ta goge baki, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na miƙe tsaye na karanto abin da aka biya mini: "Gidan Malam Audu, asalinmu malaman Barno." Ta dubi 'yar'uwarta, suka sa mini albarka, suka wuce.

To, duk ƙasar nan ba mai kiran gidanmu haka. Gidan Ɗan'adudu ake cewa. Kakanmu sunansa Audu da gaske, amma a cikin adudu aka tsince shi, irin kwandon nan mai murfi da mata ke ajiye tufafi, sunan kuwa ya bi shi har kabari, ya bi 'ya'yansa. In faɗa ya haɗa mu da yara a wurin gaɗa, da shi ake yi mana gori. Adudun kansa yana nan a ɗakin Kaka Dije, matar marigayin, a rataye, ba mai taɓawa.

Abin da ya kawo zancen Barno shi ne auren yayana Garba. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gonarmu, shi ke ciyar da mu. Ya ga Hajara, 'yar Malam Iro na Hunkuyi, suna son juna, an kai gaisuwa, saura binciken asali. A wancan zamani ba a sallama a ce an zo bincike. Tsofaffi ake turowa kamar masu wucewa, su tambayi mai kosai, su tambayi yara a bakin rijiya. Baffa Sule, ƙanen mahaifinmu, shi ke shugabantar gidan, kuma shi kansa an taɓa hana shi mace saboda sunan nan. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya tara mu ya koya mana abin faɗa, ya faki idon Kaka ranar da ta tafi barka, ya sauke adudun ya cusa cikin rumbu.

Bayan mako guda saƙo ya zo daga Hunkuyi, wai a dakata tukuna. Kowa ya san abin da ake nufi. Yaya Garba ya daina cin tuwon kirki, ya tafi fadama tun da sassafe sai dare ya dawo, har ya gaya wa Inna in abin ya rushe zai kama hanyar kudu, ba kuma lallai ya dawo ba. Ga damina ta matso, ga gona ko shara ba a yi ba. Inna tana surfe tana share hawaye da bakin zane.

Kaka Dije gajeruwa ce, mai ƙarancin magana, kullum tana bakin ƙofarta tana kaɗi. Ta ga adudu ba ya nan, ga kuma saƙon Hunkuyi, sai ran nan ta kira ni ta tambayi abin da na gaya wa baƙin. Na maimaita mata da alfahari, ina jiran yabo. Mazarin ya tsaya a hannunta. Ba ta dake ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Shekara arba'in na zauna da kakanku, ban taɓa jin ya ce ya san hanyar Barno ba." Ta sa Baffa ya shiga rumbu da kansa, a gaban kowa, ya fito da adudun. Kashegari bayan asuba ta naɗe shi da farin ƙyalle, ta yi gammo ta aza a ka. Baffa ya roƙe ta ta hau jaki, ta ƙi. Ta ce ni ce zan raka ta, tunda bakina ya kai maganar, ƙafata ce za ta je ta ɗauko ta.

Mun bi ta cikin gonakin rake da busassun fadamu, rana na dukanmu, sau ɗaya tak ta yarda muka huta a gindin tsamiya muka ci ƙuli-ƙuli. Ana kiran azahar muka isa. Malam Iro ya dawo daga masallaci ya tarar da mu a tsakar gidansa, ga kuma tsohuwar nan ta bakin rijiya, ashe yayarsa ce. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi gida, aka tambayi zafi, sannan Kaka ta kwance ƙyallen. Ta ce ba roƙo ta zo yi ba, gyara ta zo yi, domin yarinya ta faɗi abin da manya suka sa ta. Ta ba shi labari: zamanin hare-hare ne, lokacin da ƙauyuka ke watsewa cikin yini guda, wata mai daddawa, Tabawa, ta je kaɗo ɗorawa, ta ji kukan jariri a sama, cikin adudu rataye a reshen ɗorawar, ta sa aka sauko da shi, ita da mijinta suka raɗa masa suna suka rene shi. Sai ta miƙa masa igiyar da ke ɗaure da adudun.

"Malam, dubi wannan. Zanen mace ne, ta yage ta tufka. Da ɗanyen jego ta hau bishiya don kada kura ta kai gare shi. Ta tokare murfin da kara don ya sha iska, ta sa masa laya a wuya. Ba mu san sunanta ba, ba mu san garinta ba. Amma wadda ke neman rabuwa da ɗa ba ta shan wannan wahala. Asalinmu ke nan, daga nan muka fara."

Malam Iro ya daɗe yana juya igiyar a hannu. Da ya buɗe baki, sai ya ce tun a kasuwa yayarsa ta ji labarin adudu, kafin ma ta iso rijiya, kuma duk wanda ta tambaya ya shaidi Audu da riƙon amana. Ba adudun ya tsayar da shi ba, Barno ce. Ya ce tunani ya yi, mutanen da ke ɓoye kakansu, ranar da 'yarsa ta shiga damuwa a gidansu ɓoye masa za su yi. Daga nan ya juyo gare ni, ya ce: "Ke 'yar gidan wa ce?" Na dubi Kaka, ita kuwa ƙasa take kallo. Na ce, da giɓina: "Gidan Ɗan'adudu." Ya ce a gaya wa Garba ya shiga gona, a zo a sa rana in an girbe dawa.

Haka aka yi. Da aka zo sa 'ya'yan Yaya Garba a makaranta, malami ya tambayi sunan da za a rubuta, Baffa Sule da bakinsa ya ce a rubuta Ɗan'adudu. Yau sunan yana kan takardun jikoki har Kaduna, ko da yake waɗansu sun sauke shi sun ɗauki sunan gari, wai ya fi daɗin ji a ofis. Ba na faɗa da su. Yanzu bincike ma ta waya ake yi, ba mai taka sayyada daga asuba zuwa azahar don gyara magana guda.

Kaka Dije ta ga ɗan farin Hajara, damina biyu bayan bikin ta rasu. Baffa Sule ya tsufa yana ba yara labarin adudu, har ya fi kowa iya faɗarsa. Malam Iro bai taɓa zuwa kasuwar Makarfi ya koma bai biyo ta gidanmu ba, har ƙafa ta gaza. Yaya Garba bai je kudu ba, a gonar nan ya ƙare kwanansa. Hajara tana nan da ranta, ido ne kawai ya tafi. Ɗorawar an sare ta da aka zo yin hanya. Adudun kuwa gara ta cinye shi wata shekara da ɗaki ya yi yoyo. Igiyar ce ta saura, tana cikin kwallata, jiya na fito da ita na sa wa Rukayya a hannu. Har yau ƙullin matar nan bai kwance ba.