Tasar Sitti da 'Yar'uwarta ta Italiya

Kwana biyu ke nan da ruwa ya cinye gidanmu a unguwar Misfala ta Makka. Ban da ranmu, tasar kakata kawai muka fitar. Baba ya ce Sudan za mu koma wurin ƙaninsa, ni kuwa ko Jidda ban taɓa wucewa ba.

Muna yara, bayan magariba, kakata, wadda muke kira Sitti, takan soya gyaɗar sayarwa a saman soro, mu kewaye murhun. Ta ƙwanƙwasa tasar da ludayi: "Ga ta nan tafe."

"Ta iso lafiya," mu amsa.

A hanyarta ta zuwa hajji daga Kano guzuri ya ƙare mata a garin Masawa na bakin teku, ta yi wa wata mata 'yar Italiya aikin girki. Can ta ji matar na kiran ɗan kofin gahawarta "tatsa". Da ta zauna a Makka, wani maƙeri mutumin Farisa ya ce mata a wurinsu sunan tasa ya samo asali, "tashti" suke cewa. Daga nan ta ɗinka labarinta.

Wai Tashti tsohuwa ce a Farisa. Ta aurar da 'yarta ga Larabawa, aka haifi tagwaye. Ɗaya ta hau raƙumi sai Kano, aka cika ta da tuwo, ta yi ƙiba. Ɗayar ta bi jirgin 'yan kasuwa zuwa Italiya.

"Baiwar Allah, gahawa kawai suke ba ta. Ta rame, ta koma kamar ƙoƙon bayan Asabe."

Asabe ni ce. Na turo baki na ce, "Sitti, ba su yi kuka ba da aka raba su da gida?"

"Sun yi, ƙawata. Amma je ki Kano ki ce tasa baƙuwa ce, ki ga ko ba za a yi miki dariya ba."

Da na shiga makaranta na tambayi malamar Larabci, ta ce tsohuwar ba ta yi kuskure ba. A lokacin daɗi kawai na ji.

Shekaranjiya, ruwa na kai mini ƙirji, na ga tasar na yawo a tsakar gida, ba ta nutse ba. Har yanzu ina tsoron tekun da za mu tsallaka. Amma na naɗe tasar cikin mayafina, na ce wa Baba na shirya.