Tungar Ɗalha a Kan Murfin Firji

Duk wanda ya saba da tashar motar Kalgo ya san Ɗalha mai rediyo, ko da yake rabon da a kawo masa gyaran rediyo har ya manta, waya ta kashe sana'ar. Abin da ya rage masa buhu biyu ne na matattun lasifiku, kuma kowace da maganaɗisu a gindinta, wannan baƙin ƙarfen da yara ke kira mayen ƙarfe. Ɗalha bai iya zaman banza ba. Ya riƙa farfasa su yana liƙawa da gam a gindin 'ya'yan dara, direbobi su yi wasa a kan tire babu abin da ke zamewa. Daga nan ya wuce ga sassaƙa 'yan ɗakuna da rumbuna da katanga, a jera gari a rushe, a sake jera wani, ana yaƙi da sojojin ɓargon kara. Manyan mutane da gemu fa! Sai ka ga an bar fasinja cikin rana ana gardamar wa ya ci ƙofar wa.

Asalinsa mutumin wata tunga ce a bayan Diggi, bakin gulbi. Can matarsa Zulaiha ta rasu, yana Legas sayen kayan gyara. Da hantsi ta cika, kafin azahar an rufe ta, shi kuwa sai bayan kwana uku ya iso. Aka nuna masa tudun ƙasa da fasasshiyar tukunya a kai, ya yi addu'a. Bai yi kuka ba, kuma bai sake aure ba. In an yi masa maganar sai ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi.

Bayan shekara shida ambaliya ta share tungar ƙaf. Ba ɗaki, ba rijiya, ba tsamiya, ba maƙabarta, sai fili fetal na laka. Mutane suka watse. Bana wani Alhaji Aminu ya karɓi filin zai noma shinkafa. Mutumin kirki ne, don da Ɗalha ya same shi kan maganar kabarin matarsa cewa ya yi, "Malam Ɗalha, ni ba zan sa garma a kan Musulmi ba. Nuna mini wurin in kewaye shi. Amma tarakta za ta zo ran Asabar ta sama, kuma haya ce, ba ta jira."

To, a nuna ina? Ɗalha ya cire murfin wani mataccen firji, ya shafa shuɗin fenti a gefe ɗaya a matsayin gulbi, ya sassaƙa tungar gaba ɗaya, masallaci, rijiya, tsamiya, gida goma sha ɗaya, da ɗan falle mai tudu-tudu na maƙabarta, kowanne da maganaɗisunsa. Ya ɗaure a bayan mashin ya bi tsofaffin tungar ɗaya bayan ɗaya. Duk gargadar hanya ko rumbu bai faɗo ba.

A Diggi, Inna Indo ta matsar da rijiya, ta ce wane irin shashasha ne zai sa rijiya bayan masallaci. A Dodoru wani tsoho ya mayar da ita inda take. Kai, tsofaffi da gardama! Amma a kan abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya, wato daga bakin gulbi zuwa maƙabarta taki ɗari biyu ne, ka ba ruwa baya. Ɗalha ya je ya auna, ya kafa turaku huɗu, ya tsaya a tsakiya ya yi wa Zulaiha addu'a. Ya jira ya ji wani abu a ransa, bai ji komai ba, kamar wanda ke tsaye a gonar wani.

Saura mutum ɗaya, Baba Jibrin, wanda ya haƙa kabarin da hannunsa, yanzu yana Gwandu wurin 'yarsa, idanu sun yi rauni. Ran Alhamis Ɗalha ya same shi a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya aje masa murfin a kan tabarma.

Tsohon ya bi da yatsu. Ya ɗaga masallaci, ya ji yadda ƙarfen ke fizgarsa, ya yi dariya, ya mayar. Ya taɓa gida-gida yana kiran sunayen masu su, rabinsu sun mutu. Da ya zo gefe sai ya kama kankarar fentin da farce.

"Ɗalha, wannan fa? Ba ya ɗaguwa."

"Gulbi ne, Baba. Shi fenti na yi."

"Komi ka sa ma ƙafa, ban da abin da ya tashi? Haba ɗan nan. Kai ɗan masunta ne kuwa?"

Tsohon ya danna yatsa a kan shuɗin fentin.

"Da ruwa ya janye na koma da kwalekwale, idona garau a lokacin. Gulbin bai koma makwancinsa ba, sabuwar hanya ya yanka ta gabas. Waɗanda ka tambaya tsohon bakin ruwa suke ba ka labari, kai kuma ka je ka auna daga sabo."

Ya lalubo ɗan fallen maƙabarta, ya ja shi a hankali ya ƙetare gidaje, ya kai shi tsakiyar shuɗin fenti ya saki. Ya manne ɗaf.

"Nan suke, ƙarƙashin ruwa. Ita, da uwata, da 'ya'yana biyu. Ban faɗa ma kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni."

Ɗalha ya daɗe yana kallon wurin. Aka kawo fura ya sha, har ya ce ta yi daɗi. Ya yi godiya, ya ɗaure murfin a mashin. A bakin hanyar Kalgo ya tsaya ya kira Alhaji Aminu.

"Alhaji, a cire turakun nan, a nome duka."

"Ikon Allah. Ka samo ta ke nan?"

"Na samo ta," in ji Ɗalha. "Garmarka ba za ta kai gare ta ba."