Sirajo Mai Jakar Goyo

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Pantai Dalam, nan ƙasar waje, shekarun nan ya san Sirajo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai gemu da ke saukowa daga bas da jaririya rataye a ƙirjinsa cikin jakar shadda, har da surfani a bakin jakar. Ni maƙwabcinsa ne, ƙofa na kallon ƙofa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A Fagge tela ne, kuma ba ƙaramin tela ba, don tun kafin azumi ya raba yake daina karɓar ɗinkin Salla. Sai matarsa Zuhra ta samu tallafin gwamnati ta zo nan yin digirin digirgir a kan halittun teku, ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Tiga ba. Sirajo ya rufe shago ya biyo ta, wai ya ga ta zauna sannan ya koma. Takardar zamansa ta ɗan rakiya ce, ba ta ba shi damar aiki ba. Ana cikin haka Allah ya kawo Walida.

Zuhra kullum tana ɗakin bincike, wani lokaci ma ta yi kwanaki a gaɓar teku can kudu. Raino ya faɗo kan Sirajo. Ya gwada goyo da zani, yarinya ta zame har ƙugunsa. Sai ya aro keken ɗinki wajen wata mata a benenmu, ya yanka tsohuwar babbar rigarsa, ya ɗinka jaka mai maɗauri biyu wadda ake ratayawa ta gaba. Wallahi ɗinkin ya yi kyau, ba a raba tela da gwaninta.

Matsalar tana mamak, shagon shayin da mazanmu ke haɗuwa bayan La'asar. Can akwai Badamasi, ɗalibin da ya fi ƙwarewa a saye da sayarwa fiye da karatu, mai tumbi da baki kamar reza. Da Sirajo ya shigo sai ya ɗaga murya: "Maman Walida, sannu da hidima! An ba ta nono kuwa?" A fashe da dariya. Sirajo ma ya yi dariyar, amma na san abin yana cin sa. Wata rana a hanyar masallaci ya ce da ni, "Malam, na gaji. Ƙarshen wata zan nemi tikiti." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san idan ya tafi karatun Zuhra ya mutu: ba mai riƙe mata yarinya, kuma ba za ta zauna ba shi ba.

To, ramin mugunta a gina shi gajere. Wata Asabar Badamasi ya zo da leda, ya zazzage wasu busassun halittu a kan tebur. Kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, kansa irin na doki, jelarsa a naɗe kamar ta hawainiya. Ya ce a wani shagon magungunan gargajiya ya samo su cikin gari, kuma an tabbatar masa maganin ƙarfin maza ne. Ana dakawa a sha da zuma. Har ya fara tallar su ga mutanensa na Kano.

"Malam Sirajo, kai ka fi kowa buƙata," in ji shi. "Zan ba ka free."

Sirajo ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Dokin teku ne, abin da Zuhra ke karatu a kansa, wanda hotunansa suka cika bangon ɗakinsu. Ya sha jin labarinsa har ya haddace: ɗan kifi ne mai iyo a tsaye, ba shi da sauri, sai ya naɗe jela a jikin ciyawar ruwa ya sauya launi ya ɓace wa maƙiyi. Ya kuma sha ganin Zuhra ta dawo rai a ɓace, ta ce inda ta saba samun su tarun masunta ya share wurin, sauran kuma ana busarwa ana sayarwa.

"Badamasi, kai ka fara sha?"

"Tun last month. Safe da yamma."

"Allah Sarki." Sirajo ya dubi cikin Badamasi, ya daɗe yana duba. "Wannan tumbin naka, dama haka yake?"

Ya ciro waya ya kunna wani hoton bidiyo da Zuhra ta ɗauka a ɗakin bincike. Muka haɗa kai muna kallo. Ga dokin teku da ciki tulu guda, yana murƙususu, yana feso 'ya'ya ƙanana kamar sauro.

"Ai macen ce wannan," in ji Badamasi.

"Namijin ne. Macen zuba masa ƙwai take yi a jakar cikinsa ta kama gabanta. Shi ke ɗaukar cikin, shi ke naƙuda." Ya mayar da wayar aljihu. "Ni dai ban ce komai ba. Amma ka ce safe da yamma ko?"

Alkasim, wani dattijon malami da ke cikinmu wanda ba wanda ya taɓa zargin yana shan maganin, ya ture kofin shayinsa a hankali yana salati. Badamasi bai san lokacin da hannunsa ya kai kan tumbinsa ba, kuma kowa ya gani. Ranar har mai shagon sai da ya leƙo ya ga abin da ke sa mu dariya.

Kafin Magariba bidiyon ya isa Kano, ni ma ina cikin waɗanda suka tura, kuma ban yi nadama ba. Masu jiran kaya duk suka ce a bar shi. Sirajo bai taɓa cewa maganin yana sa ciki ba, shi dai duk inda ya haɗu da Badamasi sai ya sassauta murya ya ce, "Ya ƙarfin jikin? A samo maka tsamiya?" Ledar kuwa, da Badamasi ya watsar da ita, Sirajo ya kai wa Zuhra. Ta jera busassun a kan tebur tana dubawa, da ta ga yawancinsu maza ne masu jaka sai hawaye ya zubo mata.

Ba wai tsokana ta ƙare ba, suna kawai ta sauya. Yanzu Dokin Teku ake kiran Sirajo, kuma yana amsawa da ƙarfi.

Da wata ya ƙare na shiga wajensa na tarar da shi a kan keke, yana ɗinka sabuwar jaka saboda Walida ta fi ƙarfin tsohuwar. Na ce, "Ya maganar tikiti?"

Bai ɗago ba, ya ciji zare ya tsinke. "Kifi da ko gemu ba shi da shi yana ɗaukar nasa har ya sauke lafiya," in ji shi. "Ni da gemuna zan ajiye tawa a tsakiyar hanya?"