Abdulbaƙi Magini da Ɗakin Inna Kubura

Da an sallame sallar asuba, Malam Abdulbaƙi magini ba ya komawa gida. Sai ya bi lungunan tsohuwar Gwandu yana shafa katangu, nan ya ƙwanƙwasa, can ya ɗaga kai ya duba indararo. Masu koko sun daɗe suna tsokanarsa, wai shi kaɗai ne ke gaida bango kafin ya gaida masu gida. Yawancin zaurukan da muka yi wasan ɓuya a cikinsu sun koma shagunan bulo, 'yan ragowar kuwa yaɓen hannunsa ne ke riƙe da su. Bana dai gwiwa ta hana shi hawa tsani, dole ya ajiye aiki.

Aikinsa na ƙarshe har yanzu ana labarinsa. Soron Inna Kubura, wata tsohuwa a bayan kasuwa, gara ta cinye azararsa, damina kuma ga ta tafe. Ɗanta Basharu ya gina mata ɗaki a gidansa na Kalgo, ita kuwa ta kafe. A soron nan aka kawo ta amarya, a nan ta yi haihuwarta duka. Ta aika aka kira Abdulbaƙi, don ta san bai taɓa yarda a rushe gini ba.

Ya duba, ya sake dubawa, hankalinsa ya tashi. Ya ce, “Inna, in na ce miki zai kai kaka, na cuce ki.”

Ta ce, “To Malam, ni mi za ni yi a gidan da bai san ni ba?”

Haka aka tafi da ita Kalgo tana kuka. Sai ga Abdulbaƙi ya rushe soron da hannunsa, yana ɗura ƙasar a buhuna. Unguwa ta cika da mamaki. Taki zai yi da ita? Ko tsufa ne ya fara taɓa shi? Basharu ya kasa haƙuri ya tambaya, Malam ya ce masa, “Kai dai samo mini a-kori-kura.”

Ashe a wurin magina na da, ƙasar tsohon bango ba juji ba ce, jiƙa ta ake yi a sake kwaɓawa. A Kalgo ya tattake ta da ƙafafun nan masu ciwo, ya gina dakali a ƙofar sabon ɗakin, ya shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe gini da shi. Inna, wadda tun zuwanta ko tuwo sai an lallashe ta, ta fito ta dafa shi, ta sunkuya ta shinshina.

Malam Abdulbaƙi, kai ne gwanin da bai yi wa tsohuwa ƙarya ba, bai kuma bar ta da hawaye ba. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya sanyaya gwiwar nan. Ku kuma masu shirin kiran katafila, ku fara tambayar tsofaffin gidan abin da za su so a tafi musu da shi.

Matar Basharu ta ce ranar Inna ta daɗe a sunkuye, sannan ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce, “Ɗiyata, a nan za ki kawo mini tuwona.”